MINTI ARBA'IN A FILIN MAKARANTA: INA DARASIN MOTSA JIKI YA SHIGA?

Duk wanda ke son ya san halin da ilmin yara yake ciki a ƙasar Ƙofa da maƙwabtanta, watau Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, to, bayan ya gama leƙa azuzuwa ya ƙirga kujeru da tagogi, ya kamata ya fita waje ya sami inuwar darbejiya a gefen filin wata ƙaramar sakandare, ya zauna da agogo a hannunsa, ya jira lokacin da jadawali ya ce na darasin motsa jiki da kiwon lafiya ne. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da idonsa zai gani cikin minti arba'in ɗin nan zai gaya masa abin da ba zai taɓa samu a cikin rahoton ofis ba.

Ɗayan abu uku ne yakan faru. Na farko, a buga ƙararrawa amma babu yaron da zai fito. Idan mai kallo ya matsa kusa da taga, sai ya tarar malam yana gaban allo da alli a hannu, yana zana filin ƙwallon raga, yana rubuta cewa tsawonsa mita 18 ne, faɗinsa mita 9, yara kuwa suna kwafa cikin littattafansu. Za su haddace, za su kuma rubuta a jarrabawa su ci, alhali da yawansu ba su taɓa riƙe wannan ƙwallo ba, balle su san nauyinta. Na biyu, a fito fili, malam ya jefa wa yara ƙwallon ƙafa guda ɗaya, ƙarfafan aji su kame ta, ƙananan su koma gefe suna kallo, 'yan mata su nemi gindin bishiya su zauna suna hira, shi kuwa malam ya koma ofis ya ci gaba da duba takardu har a buga tashi. Na uku, a ce wa yara yau ranar aikin gayya ce, a raba musu tsintsiya da lauje, ko kuwa malamin lissafi ya karɓi lokacin domin ya cike abin da ya rage masa na zango.

Ba a ce babu malaman kirki ba. Akwai su, kuma mai kallo zai gane su tun daga nesa, domin usur yana wuyansu, sun kasa yara rukuni-rukuni, babu wanda yake zaune, kuma dariyar yaran ta fi tsawar malamin yawa. Amma irin waɗannan suna aiki ne da ƙwazon kansu, sau da yawa ma da kuɗin aljihunsu, kuma ranar da aka yi musu canjin wurin aiki, ranar darasin yake mutuwa a wannan makaranta.

LISSAFIN DA BA YA ƘARYA

Bari a ɗauki hoto na biyu a auna shi da lissafi. A ƙaddara aji yana da yara 80, ƙwallo kuwa ɗaya ce, malam kuma mai niyyar alheri ne, yana so kowane yaro ya koyi yadda ake miƙa ƙwallo, saboda haka ya jera su layi guda. Fitowa daga aji da tsayawa a sahu da kiran suna za su ci minti 10. Saura minti 30, watau daƙiƙa 1,800. Idan aka raba wa yara 80, kowannensu zai sami daƙiƙa 22 da rabi. Ma'ana, yaro ya tsaya cikin rana rabin sa'a domin ya motsa jikinsa na ƙasa da rabin minti. Wannan ba darasin motsa jiki ba ne, darasin jiran layi ne.

Irin wannan awo ba sabon abu ba ne a duniya. A farkon shekarun 1990 wasu masana a birnin San Diyego na ƙasar Amurka, Thomas McKenzie da James Sallis da Philip Nader, sun tsara wata hanya ta duba darasin motsa jiki wadda ake kira SOFIT, kuma an yi amfani da ita a ƙasashe da dama. Hanyar ba ta da wuya. Mai dubawa zai zaɓi yara huɗu daga cikin aji ba tare da sun sani ba, ya riƙa bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. Zai kalli yaro na daƙiƙa 10, sa'an nan ya yi amfani da daƙiƙa 10 ya rubuta halin da ya gan shi: a kwance yake, ko a zaune, ko a tsaye, ko yana tafiya, ko kuwa yana motsi mai ƙarfi. Zai kuma rubuta abin da ake yi a lokacin, ko shirya sahu ne, ko bayani, ko koyon wata dabara, ko wasa. Idan darasi ya ƙare sai a tara a ga kashi nawa na lokacin yara suka yi suna motsi. Mizanin da hukumomin lafiya na Amurka suka daɗe suna nema shi ne a ce aƙalla rabin lokacin darasi yara suna cikin motsi na sosai. A darasin minti 40 ke nan ana neman minti 20.

Abin lura a nan shi ne, wannan aiki ba ya bukatar injin da za a yi odarsa daga ƙasar waje. Agogo da fensir da takarda sun isa. Duk jami'in duba makarantu da ke zagaya ƙananan hukumomin nan huɗu yana iya koyonsa cikin yini guda. Abin tambaya shi ne, yaushe rabon da a ga mai duba makarantu ya bar ofishin shugaban makaranta da rajistar halarta ya fita fili ya tsaya?

ABIN DA TAKARDA TA CE

A kan takarda dai babu abin da aka rage. Manufar ilmi ta ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977, shekara guda bayan da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da ilmin firamare kyauta a watan Satumba na 1976, ta ba ilmin motsa jiki matsayi a cikin tarbiyyar yaro. Da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, wanda ya haifar da ƙaramar sakandare, darasin yana cikin abin da aka tsara mata. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, aka kafa masa doka a 2004, dokar da ta ce karatun shekara tara, daga firamare zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi ne, ta kuma keɓe masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ita ma Majalisar Ɗinkin Duniya, ta hannun hukumarta ta ilmi da kimiyya da al'adu, UNESCO, ta zartar da wata yarjejeniya a birnin Faris a 1978, ta sabunta ta a 2015, inda ta ɗauki ilmin motsa jiki a matsayin haƙƙin kowane ɗan Adam.

Sai dai an yi wa darasin wani lahani a gyaran manhaja na 2012. Domin a rage wa yara yawan darussa, sai aka cusa shi cikin buhu ɗaya da kimiyya da fasaha da ilmin kwamfuta, aka ba su suna guda. To, idan mutum huɗu suka haɗu a kwano ɗaya, wanda ya fi sanyin hannu shi yake kwana da yunwa. A sabon tsarin da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 an maido da shi a matsayin darasi mai cin gashin kansa a ƙaramar sakandare. Wannan abin yabo ne, amma canja suna a jadawali ba ya fitar da yaro ko ɗaya daga aji zuwa fili. Muddin jarrabawar kammala aji uku tana tambayar yaro faɗin fili ne kawai, ba ta tambayar ko ya iya gudu a cikinsa, to, malam zai ci gaba da koyar da abin da za a tambaya, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Dattawan da suka yi makarantar da za su iya ba da shaida cewa ba haka abin yake ba a zamaninsu. A makarantun midil, irin Midil ta Kano wadda ta zama Kwalejin Rumfa, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wasa wani sashe ne na rayuwar ɗalibi, ba a kuwa neman izininsa kafin a fitar da shi fili. Marigayi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya shahara tun yana ɗalibi a Katsina a wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Turawa ke kira Fives, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu su ma sukan fitar da ɗalibansu fili, saboda haka duk malamin da aka tura ƙauye ya san yadda ake tsayar da sahu, ya san yadda ake auna hanyar tsere. A cikin irin wannan yanayi ne ƙasar nan ta fara bikin wasanni na ƙasa a Legas a 1973, ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 1978, matasan Nijeriya kuma suka doke Jamus ta Yamma da ci biyu ba ko ɗaya a ƙasar Sin a 1985, suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16. Ba a fafe gora ranar tafiya.

AMMA AI YARON ƘAUYE BA YA ZAMA

Akwai wata hujja da takan fito daga bakin iyaye, har da wasu shugabannin makarantu, wadda bai kamata a yi watsi da ita ba. Sukan ce wannan damuwa ta 'yan birni ce. Yaron Doguwa da ke taka sayyada mai nisa kafin ya iso makaranta, ya koma ya yi noman masara, ko yaron Tudun Wada da ke yini a fadamar shinkafa, ko yarinyar Kiru da ke ɗebo ruwa da surfe da daka, wane motsa jiki kuma za a koya musu? Ba gara a bar su su huta su yi karatu ba?

Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba ce. Da farko, wahala daban, horon jiki daban. Yaron da ya yini a duƙe da fartanya, ko yarinyar da ta saba ɗaukar jarka mai lita 25 a ka tun ƙashinta bai ƙosa ba, sun gaji ƙwarai, amma gaɓoɓi kaɗan ne suka yi aikin, kuma ta fuska ɗaya, shi ya sa ciwon baya da na wuya suke kama mutanen karkara tun da sauran ƙuruciyarsu. Darasin da aka tsara da kyau yana koya wa yaro yadda zai miƙe jijiyoyinsa, da yadda zai ɗaga kaya da ƙarfin cinya maimakon ƙugu, da yadda zai daidaita numfashi. Na biyu, noma na damina ne. Daga an gama girbi har faɗuwar ruwa, yaron da iyayensa ba su da noman rani yana da watanni masu yawa na zaman banza, kuma yau ga babur ga wayar hannu ga gidan kallo sun shiga kowane lungu. Na uku, akwai abin da gona ba ta koyarwa: bin doka ko da alƙalin wasa ya yi kuskure, haƙuri idan an sha kaye, riƙe kai idan an yi nasara, da yin aiki tare da wanda ba ɗan gidanku ba. Ƙasar da ake kuka da rikicin matasa a lokacin zaɓe tana da bukatar yaran da suka koyi faɗuwa su tashi su miƙa wa abokin karawa hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa yara masu shekara 5 zuwa 17 su sami motsi na sosai na kimanin minti 60 kowace rana, tare da wasannin da ke ƙarfafa ƙashi da tsoka aƙalla kwana uku a mako. Wani bincike da masananta suka wallafa a 2019, wanda ya shafi ɗalibai miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin 100 ba sa samun wannan gwargwado: kashi 78 na maza, kashi 85 na mata. Ƙasashe matalauta ba su tsira daga wannan lissafi ba.

Sa'an nan kada a manta cewa rabin sunan darasin kiwon lafiya ne. A nan ne ya kamata yaro mai shekara goma sha uku ya fara jin gaskiya game da ƙwaya da sauran kayan maye daga bakin wanda ya sani, kafin ya ji ƙarya daga bakin mai sayarwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye cikin shekarar da ta gabaci binciken. A wannan shekara ce kuma gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai sinadarin kodin da shigo da shi, bayan da aka fallasa irin ɓarnar da yake yi wa matasa, har da na Kano. Yaron da ke da ƙungiyar wasa da malamin da ke jiransa da la'asar yana da abin da zai yi asara idan ya lalace. Wanda ba shi da ko ɗaya kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wata hujjar ita ce ta kuɗi. Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024, saboda lalacewar azuzuwa da ƙarancin kujeru da malamai. Sai wani ya ce, wanda ba shi da wurin zama ina shi ina ƙwallo? Amsa ita ce, a cikin dukan darussan makaranta babu wanda ya kai wannan araha. Kimiyya tana son ɗakin gwaje-gwaje, kwamfuta tana son lantarki, shi kuwa wannan fili yake so, kuma fili shi ne abu guda da makarantar karkara ta fi ta birni.

'YAN MATA DA KE GINDIN BISHIYA

Babban abin da ya fi damun mai kallo a filin nan shi ne 'yan matan da ke zaune. Yarinyar da a firamare ita ce gwanar gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya, da zarar ta shiga ƙaramar sakandare sai a nuna mata cewa ta girma, gudu ba nata ba ne. Iyaye suna da dalilinsu: ba sa son 'yarsu ta yi tsalle a gaban maza, ba sa son a sa mata gajeren wando, ba sa son namiji ya zama shi ne mai horar da ita. Waɗannan sharuɗɗa ne da za a iya cikawa, ba dalilan soke darasi ba ne. A raba lokacin maza da na mata, a sami malama mace, a kewaye wani sashe na fili ko da da zana ne, a bar yarinya ta sa dogon wando da riga mai yalwa da ɗan hijabinta. Hukumomin ƙwallon ƙafa na duniya sun amince da sa hijabi a wasa tun 2014, na ƙwallon kwando suka bi baya a 2017. A 2017 ɗin ne kuma ƙasar Saudiyya ta sanar da fara koyar da motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati. Malaman addini ma sun san ruwayar da ta tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Yarinyar da ke gindin bishiya yau ita ce uwar gobe, kuma shekarun nan na balaga su ne lokacin da ƙashin jiki yake tara mafi yawan ƙarfinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Har ila yau, aikin nan yana bukatar sani, ba ƙarfin murya ba. Ana ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu cutar amosanin jini, watau sikila, kowace shekara a Nijeriya. Malamin da bai san cewa irin wannan yaro ba ya jure ƙishirwa da gajiya mai tsanani ba, ko bai san alamun asma da farfaɗiya ba, yana iya sa yaro zagaye fili da tsakar ranar bazara ya jawo abin da ba a so. Haka kuma malamin da ya mai da tsallen kwaɗo da gwale-gwale hanyar horon mai laifi, ya koya wa yara cewa motsa jiki azaba ce, kuma za su tafi da wannan fahimta har tsufansu.

Akwai kuma batun ruwa, wanda ya shafi wannan yanki musamman. Madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo tsakanin 1971 da 1974, tana cikin ƙasar Bebeji, haka ma tafkin Bagauda, ga kuma magudanan noman rani da Tiga ke shayarwa. Yaran wannan ƙasa a bakin ruwa suke tashi. Jama'ar Kano ba su manta da hatsarin jirgin ruwa na Bagwai ba, a ranar 30 ga Nuwamba, 2021, inda aƙalla mutum 29 suka rasu a madatsar Watari, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Ba wanda ya ce a kwashi yara a tura su cikin magudana, domin a irin wannan ruwa ne ake kamuwa da tsargiya. Amma a kan tudu ma ana iya koya wa yaro cewa idan ɗan'uwansa yana nutsewa ba a faɗa masa, sanda ko igiya ko jarka ake miƙa masa, da yadda ake kwantar da wanda aka tsamo, da dalilin da ya sa fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, cuta ce mai magani. Wannan ma cikin darasin yake, kuma yana iya ceton rai.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, Ma'aikatar Ilmi da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha su ba da umurni cewa aƙalla rabin lokacin da aka keɓe wa wannan darasi a fili za a yi shi, a sa shi da safe kafin rana ta take, kuma kada wani malami ya karɓe shi. A ba abin da yaro ya iya yi da jikinsa kaso mai tsoka a cikin makin da ake tarawa na zango, domin abin da ba a ba shi maki ba, ba a koyar da shi.

Na biyu, a koya wa masu duba makarantu awon nan na agogo da fensir, a kuma wajabta musu su rubuta a rahotonsu minti nawa yara suka yi suna motsi, maza nawa suka shiga, mata nawa. Manufar ba kama malami da laifi ba ce. A zauna da shi bayan darasi a nuna masa inda lokaci ya zube, da yadda zai kasa yara 80 gida takwas maimakon layi ɗaya.

Na uku, a koma ga abin da ake da shi. Langa ba ta bukatar komai sai fili da ƙafa, ga ta kuwa tana gina ƙarfi da daidaiton tsayuwa da dabarar kare ɗan ƙungiya, har ta kai ana fafata ta a bikin wasanni na ƙasa tare da kokawa da dambe. Gaɗa da tsallen igiya suna sa zuciya bugawa kamar yadda kowane wasan Turawa yake sawa. Toka tana shata layi, gora tana zama sandar tsalle, tsohon buhu da tsumma suna zama ƙwallo. Ƙwallon tsumma goma a hannun yara 80 ta fi ƙwallon fata ɗaya da ke kulle a ofishin shugaba.

Na huɗu, a turo malamai. Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da kwalejojin ilmi suna yaye masu wannan fanni kowace shekara, ga kuma cibiyar koyar da wasanni da aka gina a Karfi, ta ƙasar Kura, wadda ba ta da nisa da Bebeji. Duk lokacin da za a ɗauki sababbin malamai a keɓe wa wannan darasi gurabe, a fifita 'yan asalin yankin waɗanda za su zauna, musamman mata. Kafin a kai ga haka, a zaɓi malami ɗaya da malama ɗaya a kowace makaranta a ba su horo na gajeren lokaci a hutun ƙarshen zango, har da taimakon gaggawa.

Na biyar, a tsare filaye. An ga yadda kantuna suka cinye gefen makarantu a cikin birnin Kano, kuma garuruwan da ke bakin hanyar Zariya da ta Jos suna bunƙasa, ƙasa tana ƙara daraja. Hakimai da dagatai da masu unguwanni da ƙungiyoyin iyaye da malamai su tabbatar an auna filin kowace makaranta, an rubuta, an dasa itatuwa a kan iyaka. Aji idan ya rushe ana sake gina shi, amma fili idan ya tafi ba ya dawowa.

Daga ƙarshe, shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da wakilan jama'a da masu hannu da shuni na yankin, waɗanda ba sa ƙyashin sa kofi ga ƙungiyoyin samari, su juyo da wani abu daga cikin wannan alheri zuwa ga ƙananan makarantu. Gasar shekara-shekara tsakanin makarantun ƙananan hukumomin nan huɗu, wadda za ta haɗa da tsere da tsalle da langa, da rana ta musamman ga 'yan mata a gaban iyayensu mata, za ta ba kowane malami dalilin fitar da yaransa fili tun daga makon farko na zango.

Amma kada a ɗauka kofi shi ne manufa. Cikin yara 80 na ajin nan, mai yiwuwa babu ko ɗaya da zai sa rigar Kano Pillars, sai dai dukansu 80 za su zauna cikin jikinsu har iyakar kwanakin da Allah ya ɗiba musu, da shi za su yi noma da kasuwanci da ibada da renon 'ya'ya. Saboda su ne aka sa minti arba'in ɗin nan a jadawali, kuma haƙƙinsu ne a ba su shi cikakke. Lafiya uwar jiki, in ji Hausawa, babu mai fushi da ke. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.